Goge furofayil ba gyara ba ne: zare a kan kwamfutocin nesa da ƙaurar kayan mutane

1/ Duk admin ɗin da maganinsa na farko, idan ɗalibi ko ma'aikaci ya kasa shiga kwamfuta, shi ne "bari in goge furofayil ɗinka ka sake shiga", to wallahi ba gyara yake yi ba. Matsalar yake binnewa tare da kayan mutum. Na san wasu ogogi ba za su ji daɗin wannan ba. Zaren na da tsawo, ku yi haƙuri 🧵

2/ Bari in fara da waɗanda ba 'yan kwamfuta ba. A wasu makarantu, bankuna da kamfanoni, abin da ke kan teburinka allo ne kawai da kibod da wani ɗan ƙaramin akwati. Ainihin Windows ɗin tana can cikin uwar garke, a ɗakin sanyi ko a Azure, hotonta ake turo maka ta netwok. Shi ake kira VDI. Ni zan riƙa ce mata kwamfutar nesa.

3/ Yawancinsu irin waɗanda ba sa riƙe komai ne. Kana fita, a wanke kwamfutar tas, ta koma yadda aka gina ta. Gobe ma ba lalle ita za a ba ka ba, duk wadda ke sake a cikin tarin ita ce taka.

4/ To ya aka yi gobe ka tarar da fayilolinka da hoton bangon allonka? Furofayil. Wato duk abin da ke cikin C:\Users\sunanka: Desktop, Documents, Downloads, wata ɓoyayyiyar folda mai suna AppData, da fayil ɗin NTUSER.DAT mai riƙe da saitinka na rajista. Ana ajiye shi a wani wuri daban, a kawo maka shi duk sanda ka shiga.

5/ Ka ga kenan a wannan tsarin furofayil ne kaɗai abin da ya rage naka. Na'urar ta aro ce, Windows ɗin ma ta aro ce. Shi ne kuma ake gogewa kamar ana share allon aji.

6/ Amsar da suka fi so: "ai mun faɗa muku ku riƙa ajiye kayanku a Documents." Oga, tsaya. Ka san abubuwa nawa ne manhajoji ke ajiyewa a wajen Documents ba tare da sun tambayi kowa ba?

7/ Chrome na ajiye alamomin shafukanka, tarihi da kalmomin sirri a AppData\Local. Sticky Notes, 'yan takardun nan masu ruwan ɗorawa da mutane ke rubuta lambobi da tunatarwa, suna cikin fayil ɗaya mai suna plum.sqlite, shi ma can cikin AppData\Local. Takardar Word da ba ka kai ga ajiyewa ba, wurin ceto ta yana AppData. Sa hannun Outlook na ƙasan imel, AppData.

8/ 'Yan ajin ƙarshe, ku matso. Zotero na ajiye duk manazartar furojet ɗinku a C:\Users\sunanka\Zotero. Ba ta cikin Documents. Idan admin ya ce "OneDrive na kwashe komai", abin da tsarin nan na OneDrive ke ɗauka folda uku ne: Desktop, Documents, Pictures. Zotero ba ta ciki. Masu Zotero da kansu ma sun yi gargaɗi kada a saka foldar bayananta a wurin da girgije ke daidaitawa, don tana lalacewa.

9/ 'Yan kodin: makullan SSH na cikin .ssh, saitin Git na .gitconfig, ƙarin manhajojin VS Code na .vscode. Duk a bakin furofayil suke.

10/ Ga wanda ya fi ba ni haushi a matsayina na mai rubutu da Hausa. Kibod ɗin Hausa da ka ƙara a Windows don ka samu ƙ, ɗ, ɓ, zaɓin yana cikin NTUSER.DAT. Kalmomin da ka yi wata da watanni kana danna wa "ƙara a ƙamus" don Word ta daina ja musu jan layi, sunayen mutane, sunayen garuruwa, suna cikin CUSTOM.DIC a AppData\Roaming. Dannawa ɗaya ta admin, ka koma rubuta "kasa" a wurin "ƙasa", shafinka kuma ja-wur.

11/ Ɗalibar da ke karanta Hausa ko Tarihi ta ina za ta san waɗannan wuraren? AppData ɓoyayyiya ce ma, ba ta fitowa sai ka kunna ganin ɓoyayyun fayiloli. Ka ɓoye mata folda, manhaja ta zuba kayanta a ciki, ka goge, sannan ka ce laifinta ne? Haba.

12/ "To ku kwafa a filash." A kwamfutar da kuka toshe USB saboda tsaro? 😂

13/ Yanzu maganar ƙaura, don a nan ake babbar ɓarna. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, don haka wurare da yawa sun shiga sauya tsari a gurguje. Wasu daga tsohon salon furofayil zuwa sabo, wasu daga uwar garken cikin gida zuwa Azure. Kowace irin ƙaura da ramin da take da shi, kuma duk ramukan a rubuce suke tun tuni.

14/ Tsohon salo shi ne furofayil mai yawo, tun zamanin Windows NT yake. Kana shiga, a kwafo maka furofayil ɗinka daga uwar garke. Kana fita, a mayar da abin da ya sauya. Furofayil ya yi ƙiba, shiga ta zama jira. Duk wanda ya taɓa zama yana kallon ɗigo-ɗigon nan na juyawa minti da minti, lokacin darasin lab na tafiya, ya san zancen.

15/ Kuma yana da wata muguwar ɗabi'a: wanda ya fita ƙarshe shi ne mai gaskiya. Ka shiga kwamfuta biyu, ka yi saiti a ta farko ka fita, sannan ka fita daga ta biyu, sai NTUSER.DAT na ta biyun ya danne na farko. Babu gargaɗi. Ga shi kuma a yadda yake zuwa ba ya ɗaukar AppData\Local ko kaɗan.

16/ Ramin farko na ƙaura: lambar siga. Windows 7 na saka wa foldar furofayil wutsiyar .V2. Windows 10 daga siga 1607 zuwa sama, har da Windows 11, .V6 suke nema. Windows ba ta mayar da wancan zuwa wannan da kanta. Ba ta ga .V6 ba, sai ta buɗe maka sabo fil, wayam.

17/ Mutum ya shigo ranar Litinin ya ga allo fes, gabansa ya faɗi. Kayansa na nan a tsohuwar foldar. Admin mai hankali zai kwaso masa. Admin mai sauri kuwa bayan sati biyu zai ga "tsofaffin folda na cin wuri", ya share. A ranar ne kayan suka ɓace da gaske.

18/ Daga baya Windows Server 2012 ta zo da faifan furofayil, UPD. Sai kuma FSLogix, kamfanin da Microsoft ta saya a Nuwamba 2018. Dabarar: maimakon kwafe dubban fayiloli, a zuba furofayil gaba ɗaya cikin faifai guda na VHDX a uwar garke. Kana shiga a maƙala shi, Windows ta ɗauka a cikinta yake. Shiga ta yi sauri, AppData\Local ma ya biyo ka.

19/ Gaskiya FSLogix abu ne mai kyau, ba na musu. Shi Microsoft ke cewa a yi amfani da shi a Azure Virtual Desktop. Kuma duk makarantar da ke da lasisin Microsoft 365 A3 ko A5, ko lasisin RDS, ta riga ta cancanci amfani da shi ba ƙarin kuɗi. Citrix na da nata Profile Management, ɓangaren VMware da ya koma Omnissa a 2024 na da Dynamic Environment Manager. Kayan aiki ba su yi ƙaranci ba.

20/ Abin da ya yi ƙaranci shi ne karatu. Mutum ya kalli bidiyon minti goma a YouTube, ya kwafi jerin saiti, ya watsa wa mutum ɗari biyar a dare ɗaya.

21/ Ga misalin da ya kamata duk ɗalibin IT ya haddace. Akwai saitin FSLogix mai suna DeleteLocalProfileWhenVHDShouldApply. Ka sa shi 1, ma'anarsa: idan mutum ya shigo, ya cancanci faifan FSLogix, kuma akwai tsohon furofayil ɗinsa a kan na'urar, a goge tsohon har abada. Takardun Microsoft sun yi gargaɗi a kansa ɓaro-ɓaro.

22/ Saitin na da amfaninsa a na'urar da ba ta riƙe komai. Amma ka kunna shi a uwar garken da mutane suka shekara uku suna aiki da furofayil na cikin gida, kafin ka kwashe musu kaya? Kowane mutum da hannunsa zai goge kayansa, ta hanyar shiga kawai. Ba ya zuwa kwandon shara ma balle a ciro.

23/ Alhali manhajar na zuwa da ɗan kayan aiki, frx, mai umarnin copy-profile da ke kwafe furofayil na cikin gida zuwa faifai. Akwai kuma USMT na Microsoft, da scanstate da loadstate, shekara da shekaru. Kwashewa kafin kunnawa. Tsarin jeri ne kawai, amma sai an zauna an yi tunani.

24/ Rami na gaba ya fi wayo. Windows ba da sunanka ta san ka ba, da wata doguwar lamba ce, SID. A domen na cikin gida tana farawa da S-1-5-21. Aka mayar da na'ura Entra ID, lambar da za ka samu da S-1-12-1 take farawa. A idon Windows kai wani mutum ne daban, ko da suna ɗaya ne.

25/ Sakamakon? Izinin da ke kan tsofaffin fayilolinka na wancan "mutumin" ne. Kalmomin sirrin da Chrome ta ajiye maka kuwa an kulle su da DPAPI, makullin na haɗe da tsohon asusun. Ko an kwafo foldar lafiya lau, sai ka ga alamomin shafuka sun zo, kalmomin sirri babu.

26/ Wannan abu ne da admin ya sani, ko ya kamata ya sani, kafin ranar. Saƙo ɗaya ya isa: "Sati mai zuwa za mu yi ƙaura, kalmomin sirrin da ke burauza ba za su biyo ku ba, ga yadda za ku fitar da su." Minti biyar na rubutu. Sai a zaɓi yin shiru, sannan ranar Litinin layin neman sabunta kalmar sirri ya kai bakin ƙofa.

27/ A ɗakin kwamfutarmu haka aka yi mana. An tafi hutu, aka sauya tsari, babu sanarwa a allo, babu a guruf. Wata 'yar ajinmu ta dawo ta tarar Zotero ɗinta babu komai, manazarta da bayanan da ta rubuta a gefen kowace takarda duk sun tafi, saura makonni ta miƙa babi na biyu. Da ta je ofis aka ce mata "Documents ɗinki ai yana nan." Eh yana nan. Citations ɗin da ke cikin Word ɗinta kuwa sun zama marayu.

28/ Ta tambaya ko tsohon furofayil na nan a wani wuri. An riga an share, wai wuri ya cika. Ba wanda ya ce mata yi haƙuri. Nasiha aka yi mata a kan muhimmancin ajiyar ko-ta-kwana.

29/ Tunda an kawo maganar ajiyar ko-ta-kwana, bari in juyo da ita. Faifan FSLogix fayil ɗaya ne. Duk ƙwanka a kwando ɗaya. Wuta ta ɗauke wa uwar garke ana tsakiyar rubutu, inbata ba ta ɗauka ba, janareta bai tashi da wuri ba, faifan na iya lalacewa. A ƙasar nan wannan ba tatsuniya ba ce. Ina kwafinku na jiya? Na shekaranjiya fa?

30/ "Muna da Cloud Cache." Madalla. Cloud Cache na rubuta faifan a wuri fiye da ɗaya don idan ɗaya ya faɗi a ci gaba da aiki. Amma ka goge fayil, gogewar ma za ta je duk wuraren. Ba ya mayar da kai ranar Talata.

31/ Kuma kwafin da ba a taɓa gwada dawo da shi ba, fata ne kawai. Tambayi admin ɗinku yaushe rabon da ya dawo da furofayil ɗin mutum ɗaya daga ajiya don gwaji. Ka lura da fuskarsa.

32/ Sai furofayil na wucin gadi, wanda ya fi kowa cin amanar ɗalibai. Jiya ba ka fita daidai ba, ko zaman ya maƙale a wata uwar garke, faifanka na kulle a can. Yau ka shigo, an kasa maƙala shi, sai Windows ta ba ka furofayil na aro. Wani ɗan saƙo zai leƙo a kusurwa ya ɓace. Ka yi aikin awa uku, ka ajiye a Desktop, ka fita. An goge.

33/ Akwai saiti biyu da aka yi don wannan: PreventLoginWithFailure da PreventLoginWithTempProfile. A kunna su, mutum zai ga saƙon cewa an kasa ɗauko furofayil ɗinsa, a hana shi shiga. A kashe suke zuwa. Wasu na barin su a kashe da gangan don kada a dame su da kira. Wato gara ka yi asarar aikinka shiru da ka ƙwanƙwasa musu ƙofa.

34/ Kuma gyaran ainihi a nan shi ne a nemo zaman da ya maƙale a rufe shi, ko a saki fayil ɗin da ke kulle. FSLogix na rubuta abin da ya faru a log, da dalili da lambar kuskure. Karanta shi bai kai lokacin da ake ɓatawa wajen yi wa ɗalibi faɗa ba.

35/ Na san me za a ce a ƙasan zaren nan, don na yi SIWES, na zauna a irin ofishin. Mutum biyu ke kula da ɗaruruwan asusu. Faifan ajiya da dala ake sayensa. Shugabanni ba sa sakin kuɗi sai abu ya fashe. Kuma eh, akwai ɗaliban da ke cika furofayil da finafinan Indiya da na Koriya. Duk gaskiya ne.

36/ Amma duba: FSLogix na zuwa da iyakar girma, kusan 30GB ga kowane mutum, kuma kana iya rage ta. Akwai redirections.xml da za ka ce kada a ajiye tarkacen burauza da makamantansu. Fayil ɗin OST na Outlook, wanda ke kumbura furofayil, kwafin abin da ke uwar garken imel ne, ana iya sake gina shi, ana iya taƙaita watannin da yake riƙewa. Wanda ya san bambancin tarkace da kaya ba ya buƙatar share gida don ya samu fili.

37/ A kula da redirections.xml ɗin ma fa. Abin da ka cire daga faifai yana komawa wata folda ta wucin gadi da ake sharewa idan mutum ya fita. Ka kwafo jerin wani daga intanet, aka yi rashin sa'a Downloads na ciki, to kullum Downloads ɗin mutanenka sai ya ɓace. In ma kun yanke shawarar haka, ku rubuta ku manna a bango.

38/ Maganar ƙarancin ma'aikata kuma ni a wurina hujja ce a kansu. Mutum biyu ba za su iya da ɗari biyar masu kuka rana ɗaya ba, shi ya sa ake fara ƙaura da mutum goma. Ba 'yan ofishin IT goma ba, waɗanda burauza kawai suke buɗewa. A ɗauko mai furojet, mai SPSS, sakatariyar sashe mai Outlook na shekara bakwai, mai rubutu da Hausa ko Larabci. Abin da ya karye a kansu shi zai karye a kan kowa.

39/ Sannan tsofaffin furofayil a kulle su yadda za a iya karantawa kawai, a bar su aƙalla zangon karatu ɗaya. Mutum ba ya gane abin da ya rasa ranar farko. Sai ranar da ya nemi takardar da yake buɗewa sau ɗaya a zango. Wuri ya yi kaɗan? Faifan waje guda a cikin durowa mai makulli ya fi babu.

40/ Wani abu da ba a cika faɗa ba: izinin foldar da faifan ke zaune. Tsarin da ya dace shi ne kowa ya iya ƙirƙirar tasa foldar amma ba ya iya buɗe ta wani. Lokacin ƙaura, abu ya ƙi aiki, sai a ba kowa cikakken izini "na ɗan lokaci". Ɗan lokacin ya zama shekara. VHDX kuwa danna shi sau biyu kawai ake yi ya buɗe kamar filash.

41/ Wato duk ɗalibin da ya gano hanyar foldar zai iya kwafe faifan wani da ba ya ciki a lokacin, ya zauna ya karanta takardunsa, hotunansa, tarihin burauzarsa. Dokar kare bayanan mutane ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da bayanai nauyin kare su daga shigar wanda ba shi da izini da kuma ɓacewa. Makaranta ma mai riƙe da bayanai ce.

42/ 'Yan uwana masu karanta kwamfuta, mu ne admin ɗin gobe, kuma na ga yadda muke koyon wannan ɗabi'ar tun daga SIWES. Oga ya ce goge, ka goge, aiki ya tashi, a ce kana da kai. In dole ne sai an ba mutum sabon furofayil, sauya wa tsohon suna, ƙara masa .old, ka bar shi. Daƙiƙa goma ne. Mai shi ya shiga, ya duba, ya ce babu abin da ya rage, sannan a yi maganar sharewa.

43/ Masu amfani kuma, kafin duk wata ƙaura da kuka ji ƙishin-ƙishin ɗinta: kunna daidaitawar Zotero da asusunka, bayanan manazarta kyauta ne, fayiloli kuma har 300MB. Fitar da alamomin burauza. Kwafe CUSTOM.DIC. Na faɗi wannan ne don kada a cuce ku, nauyin dai yana kan masu tsarin.

44/ Kuma duk ranar da ka shiga ka ga allonka ya zama baƙo, hoton bango ya sauya, kayanka babu, kada ka fara aiki. Buɗe cmd ka rubuta echo %USERPROFILE%. Ka ga C:\Users\TEMP, kana cikin na wucin gadi ne. In ka riga ka ajiye wani abu, tura wa kanka ta imel kafin ka fita. Sannan ka je ofis, kuma kafin kowa ya taɓa maus ka ce a nuna maka inda tsohon furofayil ɗinka yake da girmansa.